Shari'ar Kwabon Kaka

Takarda ta fito daga hannun ubangidanka, mazaunin birnin Shikago a ƙasar Amurka, zuwa ga taubashinsa, wanda ya ci bashin kuɗin shara na shekara goma sha ɗaya bai biya ko anini ba. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda, da aminci, da tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta Goggo, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, amin.

Amma ba'du, ina so ka nemi inuwa ka shimfiɗa buzu, ka kori yara, ka ɗora tabaran nan naka mai ƙafa ɗaya a kan hanci, domin labarin da zan ba ka na wata shari'a ce da aka yi wata bakwai ana bugawa a gaban alƙalan ƙasar nan, kuma sunanka ya fito a cikinta, ba kuwa a jerin masu gaskiya ba.

Ka tuna da farar kwallar nan ta Kaka, Allah ya jiƙanta ya sa Aljanna ce makomarta, wadda take turawa can ƙarƙashin gado, inda take tara tsofaffin kuɗin da aka daina karɓa, wasu ma tun kafin zuwan naira a 1973. To, daren da zan baro gida, bayan ta gama yi mini nasiha a kan tsare salla da riƙon amana da nisantar naman da ba a san wanda ya yanka shi ba, sai ta jawo kwallar ta ciro abu biyu ta danƙa mini: sule guda na azurfa mai hoton bishiyar kwakwa, bugun 1913, da kwabo mai huji ƙulle cikin wani ƙyalle da ya yi ja don tsufa. Game da sulen ba ta ce uffan ba, sai dai ta dubi ƙofar ɗakin da kake kwance kana zuba minshari, ta girgiza kai. Amma kwabon, cewa ta yi mahaifinta ne ya karɓo shi sabo fil daga kanti ya ba ta tana 'yar yarinya, ita kuwa ta ƙulle shi tun ran nan, bai taɓa shiga kasuwa ba, bai taɓa sayen ko ƙuli-ƙuli ba. Wannan magana tata ita ce asalin shari'ar, don haka ka riƙe ta.

Ina da wani maƙwabci dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda tun da ya ajiye aiki ba shi da wata hidima sai tara tsofaffin dalolin azurfa da ake kira Morgan, waɗanda aka buga daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Wata rana da sanyi ya hana mu fita, muna shan shayi, na kwance ƙyallen na nuna masa kwabon, sai na ga mutumin nan ya miƙe tsaye, ya je ya wanke hannu kamar mai shirin alwala, ya dawo ya ɗauki kwabon ta gefe da yatsu biyu, ya kai shi ƙarƙashin fitila yana jujjuyawa, har shayinsa ya huce bai sani ba. Shi ya karanta mini abin da ke jiki, ya ce wannan bugun 1936 ne, mai ɗauke da sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu na shekarar, ya yi murabus a watan Disamba domin ya auri matar da yake so. Saboda gajartar zamaninsa, mutanen Ingila kansu ba su kai ga kashe kuɗi mai sunansa ba, amma ƙasashenmu na Afirka ta Yamma da na Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini sun samu, da yake kwabbansu masu huji ne a tsakiya, ba a bukatar jiran a sassaƙa hoton kan sarki. Ya nuna mini tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci, da wani ɗan ƙaramin harafin H wanda yake shaida cewa a maƙerar Heaton ta birnin Birmingham aka buga shi. Ka ga abin da ya yi shekaru yana kwana a ƙarƙashin gadon da kake hawa kana tsalle.

A nan ne ya buɗe mini babin ilmin da ban taɓa ji ba. A ƙasar nan, tsohon kuɗi ba ya da ƙima tabbatacciya a kasuwa sai an kai shi gaban masana sun yi masa tazkiya, kamar yadda alƙali ba ya karɓar shaidar mutum sai an tabbatar da adalcinsa. Akwai gidaje da aka kafa don wannan aiki kaɗai: ANACS, wanda ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka ta fara a 1972, da PCGS da aka kafa a Kalifoniya a 1986, da NGC da ya biyo baya a 1987 wanda yanzu yake garin Sarasota a Fulorida, da wasunsu. Mizanin da suke awo da shi kuwa daga 1 ne zuwa 70, wani likita mai suna William Sheldon ya shimfiɗa shi a 1949 domin tsofaffin kwabban Amurka, daga bisani aka game shi ga kowane irin kuɗi. Wanda ya sha hannu har da ƙyar ake gane shi, shi ne 1. Wanda ba a ga aibi ko ɗaya a jikinsa ba ko da an sa madubi mai ƙara girma, shi ne 70. Masana biyu ko fiye sukan duba shi, kowa shi kaɗai, su lura da kyawun bugu, da sheƙin maƙera, da tabo, da yadda yake shiga ido. In hukunci ya tabbata sai a rufe shi cikin wani kube na roba mai haske wanda ba ya buɗuwa sai an fasa, a rubuta darajarsa da lambarsa a goshi. Kuɗi ke nan ya shiga kulle, ya fi amaryar da ka ajiye tsaro.

Na cika takarda, na biya lada, na aika da kwabon da sulen zuwa ɗaya daga cikin gidajen. Da suka dawo, aka ba kwabon 58.

Wanda bai sani ba sai ya ce ai an yi abin kirki, 58 cikin 70, kai da ba ka taɓa kawo rabin haka daga makaranta ba. Amma al'amarin ba haka yake ba, domin tsakanin 58 da 60 akwai katanga wadda ta fi ta birni tsawo. Daga 60 zuwa sama, ma'anarsa kuɗin bai taɓa yawo a hannun jama'a ba, yadda ya fito daga maƙera haka yake, ko da kuwa ya ƙuje a cikin buhu da 'yan'uwansa. Amma 58 cewa take ya ɗan taɓa shiga hannu, an ga gogewa kaɗan a wuraren da suka fi tudu. Wato dai, in an fassara wannan lamba zuwa harshen zaure, an ce maganar Kaka ba ta inganta ba. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Ba ƙimar kasuwa ta dame ni ba, gama maƙwabcina ya riga ya gaya mini gaskiya cewa an buga irinsa da yawa, ba zai sayi gona ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matar da ba mu taɓa kama ta da ƙarya ba tsawon rayuwarta, a ce wata 'yar takarda ta musanta ta bayan ba ta da bakin da za ta kare kanta.

Dattijon ya ce in kwantar da hankalina, akwai ɗaukaka ƙara. Ya ce hukuncin waɗannan gidaje ijtihadi ne, ba nassi ba, kuma saɓani a tsakaninsu sananne ne, musamman a kan wannan iyaka ta 58 da 60, inda ido ɗaya yake ganin gogewar hannu, wani ido ya ga raunin bugu ko gugar ƙyalle. Hanyar ɗaukaka ƙarar iri biyu ce. Ta farko suna ce mata ƙetarawa: ka aika da kuɗin yana cikin kubensa zuwa wani gida dabam, ka rubuta mafi ƙarancin darajar da za ka yarda da ita, su duba shi ta cikin roba, in sun gamsu ya kai, su fasa su sa shi a nasu kuben, in ba su gamsu ba su maido maka da abinka yadda ka aiko shi, ladan dubawa kuwa ya riga ya tafi. Wannan hanya tana da aminci, amma tana da illa biyu, domin roba tana ɓoye gefen kuɗi tana rage hasken fitila, sa'an nan alƙali na biyu yana ganin hukuncin na farko rubuce a gabansa, ɗan Adam kuwa ɗan Adam ne. Na bi ta, na rubuta 60. Bayan mako shida kwabo ya dawo cikin tsohuwar rigarsa, ba a ƙetar da shi ba.

Saura hanya ta biyu, wadda sai mai ƙarfin zuciya: a fasa kuben, a aika da kuɗin tsirara kamar bai taɓa zuwa gaban kowa ba. Da zarar ka fasa, hukuncin farko ya faɗi, lamunin gidan farko ya warware, kuma ba abin da zai hana sabon alƙali ya ba ka 55 ka dawo kana salati. Na yi istihara, na kuma tambayi zuciyata ko akwai algus a ciki, na ga babu, tun da ba a taɓa jikin kwabon da komai ba, neman ido na biyu kawai ake yi, kamar mai kai mas'ala gun malami na biyu ba don ya rena na farko ba. Ranar fasawa, da ka ga dattijon nan da ka ce wanzami ne zai cire beli: ya shimfiɗa tawul a tebur, ya sa safar hannu ta auduga, ya naɗe kuben a tsumma, ya kama gefensa da filaya yana matsawa a hankali, ni kuwa ina tsaye ina karanta duk abin da ya zo bakina, har robar ta ce ƙas, kwabo ya sulluɓo kan tawul lafiya lau. Shi ya gaya mini cewa saboda yawan wannan fashe-fashe, ƙidayar da gidajen suke bugawa ta adadin kuɗin da suka auna takan zarce gaskiya, domin kwabo guda yakan shiga lissafi sau uku, kamar yadda kake yi a gidan walima.

A watan Agusta aka ci babbar kasuwar ƙungiyar masu tara kuɗi a Rosemont, nan bayan garinmu, inda gidajen awo suke kafa rumfuna suna karɓar kaya hannu da hannu. Can na miƙa shi. Da sakamako ya fito, 62 aka rubuta. Na zauna a kan wani benci cikin taron Turawa ina riƙe da shi, hawaye suka zubo mini, na yi wa Kaka Fatiha da Ƙulhuwallahu. Ban ce gidan farko sun yi zalunci ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Amma yanzu akwai shaidu biyu a gefe guda, Kaka da masanan da suka riƙe shi a hannu ba shamaki, ni kuwa wannan ya ishe ni bayyina.

Yanzu sai mu zo kanka. Ka tuna jajibirin wata ƙaramar salla, da ka saci sulen nan daga kwalla, ka zauna a bakin rijiya da toka da lemun tsami da soso, kana dirza kana waƙa, wai kana so ya yi ƙyalli ka nuna wa 'yan mata a dandali? Ni na gan ka, na rufa maka asiri shekara arba'in. To, asiri ya tonu a Amurka. Gidan farko suka ƙi ba shi lamba sam, suka rubuta cewa na gaske ne amma an wanke shi, domin a ƙarƙashin fitilarsu duk zanen sosonka yana nan layi-layi kamar kunyar gona, kuma sheƙin maƙera, in ya tafi, ba mai dawo da shi. Don in yi maka adalci na kai shi gida na biyu, suka ce an wanke. Na kai na uku, suka ce an wanke. Mutanen da suka yi saɓani a kan kwabon Kaka, sai ga su sun yi ijma'i a kanka, ba mai ko tari. Wani daga cikin dillalan kasuwar ma, da ya ɗora madubi a kai, ya ɗago ya tambaye ni ko da injin aka yi wannan aiki, na ce a'a, da hannu ne, a gidanmu akwai ƙarfi.

Saboda haka ga umarnin ubangida. Kwallar tana ɗakin Goggo, na sani, kuma akwai sauran aninai da taro da sisi a ciki, har da dalar nan ta Mariya Tiriza mai 1780 a jiki. Kada ka wanke su, kada ka goge, kada ka hura musu iska ka shafa a rigarka. Baƙin da ka gani a jikinsu shi ne mutuncinsu a wurin masana. Ka sa Goggo da kanta ta naɗe kowanne dabam a farar takarda, tana kamawa ta gefe, kai kuwa ka tsaya daga bakin ƙofa hannuwanka a baya. Ka aje su sai na zo da babbar salla in Allah ya kai mu, zan taho da kwabon cikin sabon kubensa Goggo ta gani, in kuma taho maka da sulenka, wanda na riga na ƙiyasta ɓarnar da ka yi masa na haɗa da kuɗin shara.

Ka gai da amarya, ka ce mata toka da soso ta riƙa ɓoye su. Ka gai da liman da mutanen zaure baki ɗaya.

Haza wassalam, daga ubangidanka na Shikago.