Girkin Ƙasashen Waje a Makarantar Lahadi: Manufa, Tsari da Irin Asarar da Akan Yi

Girkin ƙasashen waje da yara wata dabara ce da malaman makarantar Lahadi ke bi don koya wa yaran Kirista yin addu'a domin mutanen da ba su taɓa gani ba. Akan zaɓi ƙasa ɗaya, a nuna ta a taswira, a dafa abincin mutanenta tare da yaran, a ci, sannan a sunkuyar da kai a roƙa musu alheri. Hujjar masu dabarar ita ce yaro yakan manta abin da ya shiga kunnensa, amma da wuya ya manta abin da ya bi ta maƙogwaronsa. Abin da ya faru a wata ƙaramar majami'a da iyalai daga Boɗinga da Shagari ke haɗuwa a cikinta ya tabbatar da wannan hujja, ko da yake ba ta fuskar da aka zata ba.

Asalin al'adar

Makarantar Lahadi ta bunƙasa a Ingila tun wajajen 1780 ta hannun Robert Raikes. Ta iso arewacin Najeriya tare da mishanoni irin su SIM, wadda aka kafa a 1893, wadda kuma ekklisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954. Umarnin yi wa dukan mutane addu'a yana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 2, amma babu ayar da ta ce a haɗa da tukunya. Tukunya ta shigo ne ta ƙofar mata. Ranar Addu'a ta Duniya, wadda ta game ƙasashe tun 1927, ana yin ta a Juma'ar farko ta watan Maris, kuma kowace shekara matan ƙasa ɗaya ne ke rubuta tsarin sujadar. Tare da tsarin akan aiko da bayanin ƙasar, da ayyukan yara, da yadda ake dafa abincinta. Matan Taiwan ne suka rubuta na 2023, na Falasɗinu suka yi na 2024, na Tsibiran Kuk suka yi na 2025, na 2026 kuma ya faɗo kan matan Najeriya.

Wurin da ake gwajin

Boɗinga da Shagari hedikwatocin ƙananan hukumomi ne a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, garuruwan Musulmi masu tarihi. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, Shagari kuwa mahaifar Alhaji Shehu Shagari ce, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Kiristocin wurin kaɗan ne, galibi malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, 'yan kasuwa da masu bautar ƙasa, daga Zuru, kudancin Kaduna, Filato da kudancin Najeriya. 'Ya'yansu da aka haifa a nan sun fi iya Sakkwatanci a kan harshen iyayensu, harshensu kuma ya saba da fura, da hoce, da tuwon shinkafa. Madafar majami'a duwatsu uku ne a bayan gini. A watan Maris zafin rana kan haura digiri 40. Waɗanda suka rubuta takardar girkin ba su san da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ƙa'idar musanya

Matakin farko shi ne sayen kaya, kuma a nan ake yanke wa abincin hukunci tun kafin a hura wuta. Kasuwannin yankin cike suke da albasa, tafarnuwa, tattasai, tumatir, shinkafa da wake. Abin da takarda ta nema ne kawai babu. Malamin da ke jagorantar aikin, wanda a gidansa ruwan shayi kaɗai ake barin sa ya dafa, yakan tafi har babbar kasuwar Sakkwato da takarda a hannu, yana karanto wa 'yan kasuwa sunayen da ba su taɓa ji ba. Ɗan kasuwar Sakkwato ba ya cewa babu. Yakan ce akwai ɗan'uwansa, ya miƙo wani abu dabam. Da haka awara ke maye gurbin cukun Turawa, garin kwaki ya maye gurbin sitacin rogo, tarwaɗar dam ɗin Shagari ta maye gurbin kifin teku. Idan musanya ta kai uku a girki ɗaya, abincin ya riga ya baro ƙasarsa, ya kama hanyar zama ɗaya daga cikin abubuwa uku: ƙosai, gurasa ko ɗanwake.

Rabon aiki

Takarda takan ba da shawara a bai wa kowane yaro aiki don ya ji ana yi da shi. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma masu karin maganar ba su yi lissafi da hannun ɗan shekara shida ba. Wanda aka ba gishiri yakan zuba, ya juya baya, ƙanensa ya lura ba a ba shi aiki ba, shi ma ya zuba. Masu yankan albasa kan yi kuka har iyaye su leƙo su ga wa aka doka. Wanda aka sa gadin ƙullu shi ne yakan fara cin sa. A gefe guda kuma 'yan Zumuntar Mata kan zauna a kan benci a inuwa, hannu a naɗe, sun yi alkawarin ba za su sa baki ba. Wannan alkawari bai taɓa kai wa tafasar farko ba.

Misalan da aka gani

Shayin Taiwan mai ƙwallaye ya samo asali a shekarun 1980. Shayi ne da madara da ƙanƙara, a ƙasansa akwai ƙananan dunƙulen sitacin rogo masu tauri-tauri, ana zuƙo su da tsinke mai faɗin baki. A majami'ar, dunƙulen garin kwaki sun kumbura a tukunya, kowanne ya kai girman ƙwan zabo, tsinken shan lemo kuwa ko ƙwayar gero da ƙyar take bi ta cikinsa. Ƙanƙarar da aka sayo da safe ta koma ruwan ɗumi tun kafin azahar. Wata yarinya ta tsamo dunƙule ɗaya da yatsa, ta duba shi sosai, ta ce, "Malam, wanga ai ɗanwake na. Ina mai da yaji?" Aka kawo mai da yaji, aka cinye.

Fizar Italiya, wadda birnin Nafoli ya shahara da ita, tana bukatar tanderu mai tsananin zafi da cuku mai narkewa. An gasa ta a tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, kamar yadda ake gasa kek a gidaje. Awara ba ta narkewa, ko da za a kwana ana roƙon ta. Ƙasan ya ƙone, saman ya tsaya ɗanye, tsakiyar ce kaɗai ta nuna, aka barbaɗa mata ƙuli-ƙuli, ta zama gurasa.

Maƙluba ta Falasɗinawa ita ce ta fi jawo asara. Akan jera nama da ganyayyaki da shinkafa hawa-hawa a tukunya, idan ta dahu a ɗora faranti a baki, a kifar da tukunyar gaba ɗaya, abinci ya fito a tsaye. Sharaɗin shi ne faranti ya fi bakin tukunya faɗi. Tukunyar majami'a ta biki ce, mai cin tiya biyu, farantin kuwa na kawo wa baƙo ruwa ne. Uwargidan fasto ta taso daga benci ta ce, "Malam, ko dai a kwashe da ludayi?" Malam ya amsa, "Mama, takarda cewa ta yi a kife." Aka kife. Kashi ɗaya ya faɗa faranti, kashi biyu suka faɗa ƙasa da takalmin malam, kajin unguwa da akuya guda suka halarci sujada ba tare da gayyata ba. Ƙanzon da ya manne a gindin tukunya ya tsira, kuma yaran sun shaida cewa ƙanzon Falasɗinu ba shi da bambanci da na gida.

Abincin Tsibiran Kuk, tsibirai 15 a kudancin tekun Fasifik, shi ne wanda bai kai ga baki yadda takarda ta ce ba. Ika mata ɗanyen kifin teku ne da ake jiƙawa a ruwan lemon tsami, a zuba masa madarar kwakwa. Kifin ruwan daɗi irin tarwaɗa da karfasa na iya ɗauke da tsutsotsi, lemon tsami kuma ba ya kashe su, saboda haka cin sa ɗanye haɗari ne na gaske. Wata ma'aikaciyar jinya cikin Zumuntar Mata ta ƙwace kwanon ba tare da neman izini ba, ta soya kifin da attarugu. Wannan ne girkin da yaran suka fi yabawa.

Nasara guda da ba a gardama a kanta ita ce akaraje na jihar Bahiya a Brazil, wanda ake yi da markaɗaɗɗen wake a soya a manja. Ya yi daidai ne saboda ƙosai ne tun asali. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka tafi da shi, kuma cikin bayin Bahiya har da Hausawa, waɗanda wasunsu suka shiga tawayen birnin Salbado na 1835. Da aka ba yaran wannan tarihi, shi ne karon farko da suka yi shiru tukunya na kan wuta.

Addu'ar da ke biyo baya

Takarda kan jera abubuwan da za a roƙa: zaman lafiya a Falasɗinu, kariya daga guguwa da hauhawar teku ga mutanen tsibirai. Yara sukan roƙi waɗannan, sannan su ƙara nasu bisa ga abin da idonsu ya gani. Bayan batun kifi, wani yaro ya rufe ido ya ce, "Ya Ubangiji, ka ba mutanen Kuk icce, su bar cin kihi ɗanye, cikin sunan Yesu." Jama'a suka ce amin, wasu da hannu a baki. An roƙa wa Falasɗinawa manyan farantai, an roƙa wa mutanen Taiwan yaji. Malam yakan gyara bayanin daga baya, ya nuna cewa mutanen suna da wuta, son ɗanyen kifin suke yi. Abin lura shi ne, watanni bayan haka, idan aka ambaci Gaza a rediyo, yaran nan ne ke fara ɗago kai su ce mutanen tukunya ne, su tambaya ko sun samu abinci.

Da aka sanar cewa tsarin 2026 na matan Najeriya ne, sai lissafi ya juye. Yaran suka gane cewa a wasu ƙasashe akwai yara irinsu da za su tsaya kan dafa-duka da takarda a hannu, ba manja, ba daddawa, su lalata ta, sannan su yi wa Najeriya addu'a. Wannan ya rage musu tausayin raini da suke yi wa baƙin ƙasashe, suka koma tausaya wa masu girkin.

Haƙƙin maƙwabta

A 2025 da 2026 Ranar Addu'a ta Duniya ta faɗo cikin azumin Ramadan, kuma tana yawan faɗowa cikin azumin Lent, lokacin da Katolika ba sa cin nama ranar Juma'a. Ladabi ya sa akan ɗage girkin zuwa yamma don kada ƙamshi ya dami masu azumi, a kuma aika wa maƙwabta rabonsu lokacin buɗa-baki. Wani dattijo da aka kai wa gurasar Italiya ya mayar da kwanon cike da kunu da ƙosai, tare da saƙon cewa a gaida malam, Allah ya ba uwargidansa lafiya, don ya lura ba ita ta yi girkin ba.

Ƙa'idojin da aka tsayar

Daga waɗannan gwaje-gwaje majami'ar ta tsayar da dokoki. A zaɓi abincin da kayansa ke cikin kasuwar gari. Wuƙa, wuta da tafasasshen mai na manya ne, yara su tsaya ga wanki, tsinta da murzawa. Gishiri ya zauna a hannun mutum ɗaya. Kada a ci kifin dam ɗanye, ko daga wace ƙasa takarda ta zo. A yi addu'a kafin a ɗanɗana, domin bayan ɗanɗanawa buƙatun kan canja. Malam ya riƙe taswira, Zumuntar Mata ta riƙe ludayi. A ƙarshe, kowace irin ƙasa aka zaɓa, a dafa tukunyar shinkafa da wake tun da safe a ajiye a gefe, domin ita ce yara ke ci su ƙoshi.