Kunyar da Na Sha a Kan Santimita Ɗaya

Kawuna dillalin hatsi ne a Funtuwa. Shi ya biya mini kuɗin karatu a Zariya, shi ya sa ba ya kirana sai da "Injiniya", da wata irin murya da ba ka gane yabo ne ko bin bashi. Bara da kaka na yi masa alkawarin na'ura mai kyamara da za ta riƙa duba masara, tana nuna mai ƙwari da mai tsakuwa. Ya ƙirgo kuɗi ya miƙo mini, yana bin su da kallo kamar sun faɗa rijiya.

Na zana koren allon na'urar a manhajar KiCad. Kyamarar tana aika hoto ta USB 3.0, mai gudun gigabit 5 a daƙiƙa. A irin wannan gudu saƙo ba ya bin layi ɗaya, sai tagwayen layukan jan ƙarfe, Hasan da Usaini. In ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya sauka, kwamfuta kuma bambancin da ke tsakaninsu take karantawa. Sharaɗi ɗaya ne: su iso tare. To ni sai na tarar da ramin noti a kan hanya. Na bar Hasan ya miƙe, Usaini ya kewaye ramin, ya fi ɗan'uwansa tsawo da santimita 1. Na ce, haba, ko faɗin farce bai kai ba.

Daga Shenzhen ta ƙasar Sin aka bugo mini alluna 5. Ranar gwaji Kawu ya tara abokan cinikinsa a rumfa, har da mai shayi. Na jona. Kwamfuta ta yi jim, ta watsar da hanyar sauri, ta koma tsohuwar USB 2.0. Hoton masarar ya riƙa zuwa da ɗingishi: ƙwaya ɗaya ta bayyana, sai an sha shayi an ajiye kofi ta biyu ta leƙo. Wani dattijo ya ce jikarsa ta fi wannan sauri da faifai.

Na ɗora wa wayar laifi, na canza uku. Na ɗora wa wutar janareta. Mai shayi ya kawo shawarar hayaƙin habbatussauda, kuma wallahi sai da na yi tunani a kai.

Da damina ta faɗi na gudu ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi, wai taya huɗa, alhali ɓuya na je yi. Ina biye da Baba mai shanun huɗa, muka kai ƙarshen kunya. Sai na ga ya tsaida san da ke ciki yana ɗan taka ƙasa a wuri ɗaya, na waje kuma yana zagayowa.

"Baba, me ya sa kuka riƙe wannan?"

"Kai ɗan boko, na waje ai tafiyarsa ta fi nisa. In ban jinkirta na ciki ba, karkiya ta karkace, garma ta ci gefe."

Nan na zauna a kan kunya, wata kunyar ta rufe ni. Na yi lissafi da tsinke a ƙasa. A kan irin allon nan saƙo yana gudu kusan rabin gudun haske, kuma kowane ɗigon saƙo tsawonsa kamar santimita 3 ne kacal. Ashe santimitata ɗaya sulusin saƙon ta cinye. Hasan ya yi sallama ya zauna, Usaini yana can yana kewaya rami.

Maganin na Baba ne. Ba a sa mai nisa gudu, na kusa ake jinkirtawa. Na lanƙwasa layin Hasan ƙanana-ƙanana daidai wurin da suka rabu, har tsawonsu ya zo ɗaya, na kuma koma wurin Kawu neman kuɗin bugu na biyu.

Sababbin alluna suka iso, hoto ya zo garau. Kawu bai ko kalli kwamfutar ba. Ya ɗaga allon a rana, ya ƙura wa lanƙwashe-lanƙwashen ido.

"Injiniya, na farkon da layinsa yake a miƙe bai yi aiki ba, sai wannan mai sawun maciji?"

"Haka ne, Kawu."

"Kuma san huɗa ne ya koya maka?"

Na yi shiru. Ya jawo littafin bashi, ya tambayi yaronsa nawa ake sayar da dusa, wai a kai wa malamin nawa buhu ɗaya, a rubuta a kaina.