Hafsan Ku-je da Hafsan Mu-je

A ƙarshen 2001, lokacin da rikici ya sake ɓarkewa a Bawku aka sa dokar hana fita, zauren kakana ne matattarar unguwarmu. Baba Saje ake ce masa, don da igiya uku ya bar soja. Wata rana mun dawo daga binne wani yaro da harsashi ya samu a hanyar kasuwa, ana zaman makoki, sai ga wani babban mutum daga Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, cikin mota mai baƙin gilashi. Ya yi ta'aziyya, ya ajiye ambulan gaban uban yaron, sannan ya juya wajen samarin da ke tsugune a bakin ƙofa. Ku tashi, in ji shi, ku nuna ku maza ne, kada ku bar jinin ɗan'uwanku ya tafi a banza, duk abin da kuke bukata zai iso muku. Idanun samarin suka kaɗa suka yi ja. Ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi.

Kaka ya ciro goro daga aljihu, ya ɓara, ya miƙa wa baƙon ɓari guda.

"Alhaji, goron nan ya tuna mini da mahaifina," in ji shi. "A Salaga aka haife shi, cikin fataken Gwanja. Da 'ya'yan sarauta suka yi basasa kan gadon Kpembe a 1892, kasuwar ta watse. Wasu suka gangara Kete Krachi, su mahaifina suka yi Yandi. Sun guje wa wuta, ashe wata na biye da su."

Wutar da yake nufi ita ce ta Adibo, kudu da Yandi, ranar 4 ga Disamba 1896. Jamusawa ne suka taso daga kudu za su Sansanne Mango, Dakta Gruner na jagora, Laftana von Massow na riƙe da sojoji. Mayaƙan Ya Na Andani, sarkin Dagwamba, suka tare musu hanya, dubbai, da dawakai da kibau da bindigogin toka. Mai bindigar toka sai ya tsaya ya ɗura albarushi ya danna kafin ya sake harbi, su kuwa na gaba ruwan harsashi kawai suke yi. Ɗaruruwa suka kwanta a filin nan, aka wuce aka cinna wa Yandi wuta. Von Massow ya riƙa rubuta abin da ya faru da shi kullum, an ma buga rubutun nasa a Jamus a 2014. Waɗanda suka ɗauki akwatunan harsashinsa a ka, babu wanda ya bar ko takarda guda.

"Amma abin da mahaifina ya fi riƙewa," in ji Kaka, "shi ne shugaban 'yan bindigar Dagwamba, Kambon Nakpema Ziblim. Ya cika baki, ya ce da hannu zai kamo Bature. Wannan ganganci ne, ya ja mutane zuwa mahallaka, ban wanke shi ba. To amma da rana ta ɓaci, ba a neme shi an rasa ba. A inda ya kai yaransa, a nan aka tsinci gawarsa, cikin rigar layunsa. Shi ya sa har gobe uwar da ta rasa ɗa a Adibo ba a ce ta zage shi ba."

Baƙon ya gyaɗa kai, ya dubi agogo. Kaka bai ko kalle shi ba.

"Ni kuma nawa idon a Bama ya gani. Runduna ta 81, kwarin kogin Kaladan, 1944. Babu hanyar mota, jirgi ke jefo mana abinci daga sama, sauran kaya a ka. Da Hausa ake ba da oda, ko kai Frafra ne ko Dagati. Hafsoshi biyu na yi aiki a ƙarƙashinsu. Na fari yaro ne, gemu bai gama fito masa ba, Hausarsa duk a karye. In an yada zango ba ya zama sai ya bi mu ɗaya ɗaya ya ce a cire takalmi. Ya duƙa ya duba tsakanin yatsu, in ya ga matsattsaku ya kafa kai sai ya ɗora masa wutar taba har ya saki. Ruwan gorarsa na ƙarshe na sha ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Kalma ɗaya ya iya sosai, mu je. In ya faɗe ta, kafin ka miƙe ka ga ƙeyarsa a gaba."

Ya ɗan yi shiru, yana murza gwiwar da ke hana shi barci duk damina.

"Na biyun Hausarsa tsaf, har karin magana yake yi. In ya tara mu ya yi jawabi, sai ka ji kamar ka cinye Japan ɗanye. Wata asuba ya ce akwai tudu a ƙetaren rafi, ku je ku karɓe shi, ba kowa a kai, ina nan ina kallonku da madubi. Mu goma sha biyu muka shiga ruwan. Ashe sun haƙa ramuka sun rufe da itace, sai da muka kai tsakiya suka buɗe wuta. Akwai wani yaro ɗan Yandi da ke ɗaukar mana harsashi, shi na goyo na fito da shi, yana kiran uwarsa da Dagwambanci, jininsa na bin bayana da ɗumi. Kafin mu kai gaɓa ya yi shiru. Mu biyar muka dawo. Muka tarar da maigidan yana shan shayi, ya ce mun yi ƙoƙari, gobe ku sake gwadawa. Bayan an ci garin Myohaung a Janairun 1945 na gan shi da lamba a ƙirji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu kuwa da muka dawo gida, 'yan'uwanmu suka je neman hakkinsu wurin Gwamna a 1948, aka harbe uku a mararrabar Christiansborg."

Zauren ya yi tsit. Uban yaron da muka binne ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan ambulan ɗin da bai taɓa ba. Na dubi samarin bakin ƙofa, na ga sun daina kallon baƙo, Kaka suke kallo.

Aka kira la'asar. Baƙon ya tattara babbar rigarsa zai miƙe, sai Kaka ya riƙo hannunsa da hannu biyu, cikin girmamawa.

"Alhaji, an share maka ɗakin baƙi. Daren nan an ce za a yi zafi. Ai a nan za ka kwana tare da mu ko?"

"Wallahi Baba, da na so," in ji shi. "Sai dai dole in kai Bolga kafin a rufe hanya, gobe ina da taro."

"To, Allah ya kiyaye hanya. A gai da yara in an yi waya Ingila."

Motar ta tashi, ƙura ta biyo bayanta. Kaka ya ce a miƙo masa buta. Samarin suka tsaya jim, babu mai cewa komai, sannan babbansu ya cire takalmi ya shigo sahu, sauran suka bi shi.