Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe? Ku Matso Mu Ji

To, malaman zaure da likitocin tsakar gida, fatawarku ta iso: wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, da wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Sannunku da karatu! A ina aka ba ku wannan digiri, gidan biki ko gidan suna?

Na san hujjarku: "Ai Wance an yi mata aiki, ko wata uku ba ta ƙara ba." Allah Ya jiƙanta. Amma Goggo, kin ɓoye mana shekarun da ta yi tana ganin jini bayan kwanciyar aure, ana ɗura mata jiƙe-jiƙe ana turara ta da hayaƙi. Kansar bakin mahaifa ba ta da garaje. Ƙwayar cutar HPV da ke haddasa ta kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta jawo daji. Ku kuka kai ta a makare, sannan kuka ɗora wa wuƙa laifi.

Wadda ta je da wuri kuwa, zaɓi ne a gabanta. In ciwon bai wuce a gan shi da madubin likita ba, ɗan yanki ake fafewa daga bakin mahaifar, sauran na nan daram.

Na ga Alhaji ya gyara zama: "To haihuwa fa?" Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe, wani ya riga ka damuwa. A ƙarshen shekarun 1980, Daniel Dargent, likita a birnin Liyon na Faransa, ya ɓullo da aikin da ake cire bakin mahaifa da naman da ke kewaye da shi, a bar jakar mahaifar, a ɗaure ƙasanta da zare. Mata sun yi ciki sun haihu bayansa, sai dai ta hanyar tiyata, kuma akwai haɗarin ɓari ko bakwaini. Sharaɗinsa, kada ƙarin ya wuce santimita 2. Ka ga kenan in ana son 'ya'ya, gara a yi sammako.

Wadda ta gama haihuwa, galibi mahaifar ake cirewa, a duba kaluluwar ƙugu ko ciwon ya leƙa can. "Shi ke nan, ta zama namiji!" Haba Hajiya, gemu kike jira ya fito mata? Al'ada za ta ɗauke, haihuwa ta tsaya, amma mace mai ƙuruciya sau da yawa ana bar mata ƙwayayenta, kuma in ta warke zaman aure na nan. Wani babban bincike da likitocin Kanada suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2024, ya ma nuna cewa in ƙarin ƙarami ne mai ƙarancin haɗari, cire mahaifa kaɗai ya wadatar ba sai an haɗa da naman gefe ba, kuma matsalar fitsari ta fi sauƙi.

Kai kuma ɗan boko da ke murmushi kana cewa a yi aiki "na zamani", na 'yan ƙofofi da kyamara, kai ma zauna. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gano cewa a babban aikin wannan ciwo, waɗanda aka buɗe wa ciki sun fi tsira, kuma ciwon bai fiye dawo musu ba. Likitoci da yawa suka koma tsohon yayi ba tare da jin kunya ba.

Saboda haka Goggo, ajiye kaskon turaren nan. Duk wadda ke ganin jini bayan saduwa, ko bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari, a raka ta asibiti a wannan makon. Wadda ba ta jin komai ma ta je gwaji. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma a kai su allurar rigakafin HPV, wadda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023. Alhaji, kuɗin mota a wuyanka yake.