Wasiƙa Daga Landan: Mas'alar Tafarnuwa

Zuwa ga Yayana,

Yajin da Inna ta aiko ya iso, wanda shi ne musabbabin fitinar da zan labarta maka.

Ka sani, Yaya, kare a Ingila yana da martabar da ko ɗan auta bai samu ba a gidanmu, domin tun 2016 doka ta wajabta a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambarsa, alhali ni da kai har yau ana saɓani a kan shekarar haihuwarmu. Maƙwabciyata, wata dattijuwa mai ciwon ƙafa, ta roƙe ni in sayo wa karenta kayan ƙwalama, na shiga kanti na tarar da layi guda cur: ga na goge haƙora, ga na mai ƙiba, ga na tsoho, ga na wanda alkama ba ta karɓe shi ba, har na tsaya ina bitar rubutun bayan leda kamar ɗalibi mai neman hukunci a Muhtasar.

Da abin ya fi ƙarfin ilimina sai na yi ijtihadi, na gasa tsire, na baɗe shi da yajin Inna, na miƙa wa karen bisa niyyar kyautata maƙwabtaka. Wallahi da ka ga yadda tsohuwar nan, wadda ba ta taku sai da sanda, ta zabura ta fizge tsinken, da ka rantse ruƙiyya aka yi mata ta warke. Ashe tafarnuwar da Inna ke yi mana maganin mura da ita, da 'yar'uwarta albasa, guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffiya, garinta ma ya fi tsanani, saboda tana lalata masa jajayen ƙwayoyin jini, kuma illar takan ɓuya kwanaki kafin a ga kasala, dasashinsa ya yi fari. Cakulan da inabi ma haramun ne gare shi. Kayan ƙwalamar kansu, in ji tsohuwar, kada su wuce ushirin abincinsa na yini, kai ka ce zakkar gero ake fitarwa.

Na so in kafa mata hujja da karnukan farautar garinmu waɗanda ba su taɓa ganin likita ba, sai na tuna ba mu taɓa binciken abin da ke kashe su ba, na yi shiru.

Tsiren dai ni na cinye shi, ni kaɗai, a tsaye. Kada ka gaya wa Inna, amma a duk layinmu karen nan ne kaɗai ke fitowa yi mini barka da zuwa idan na dawo, a garin da magariba ke yi tun kafin ƙarfe 4 a lokacin sanyi.

A gai da kowa, kuma a ƙaro yaji.

Naka ƙane.