Masu Karɓar Kati Su Yi Gum

Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san mutanenta ba baƙin wasiƙa ba ne, domin tun zamanin da Turawa suka riƙa ɗibar samarin Dakarkari aikin soja, wasu har Bama a yaƙin duniya na biyu, wasu Kwango a 1960, na baya-bayan nan kuma Laberiya da Saliyo, da wuya ka sami gida daga Dabai zuwa Riba wanda tsohuwarsa ba ta taɓa ƙulle ambulan a bakin zane ta fita neman ɗan makarantar da zai karanta mata ba. Daga nan aka shiga zamanin rubuta wa gidajen rediyo, BBC da ta buɗe sashen Hausa a 1957, da Muryar Jamus da ta biyo baya a 1963, balle Zaɓi Sonka na Kaduna, inda mutum zai jera sunayen dangi da abokai har sai takarda ta ƙare. Saboda haka da wani mutumin Fotugal, Paulo Magalhães, ya ƙago Postcrossing a 2005, mu 'yan tsirarun da muka shiga daga wannan yanki ba mu ga baƙon abu ba, illa dai adashi ne na kati: ka zuba, wanda ya karɓa ya shaida zubinka ya iso, sa'an nan kwasarka ta zo daga inda ba ka zata ba. To, al'amarin duka a kan wannan shaida ya rataya, ga ta kuwa ba ta wuce shigar da 'yar lambar da ke jikin katin a shafinsu na intanet ba, amma a nan ne Allah ya nuna mini ɗabi'un bayinsa iri-iri.

Mafi yawa a cikinsu shi ne mai zumuɗi, wanda ya ga kati a hannunka bayan La'asar, kafin Magariba ya yi rajista ya karɓi adireshi biyar ɗin da ake ba sabon shiga, ya kwana yana lissafin ƙasashen da za su san da zamansa. Da gari ya waye aka faɗa masa kuɗin kan sarki zuwa Turai, aka kuma sanar da shi cewa da wuya a sami katin sayarwa a kanti, sai dai ya kai hoto a buga masa a takarda mai kauri, nan take jikinsa ya yi sanyi. Wannan cutarsa kaɗan ce. Allah ya ba shi wata sha'awar, ga kiwon tantabara nan.

Amma wanda na fi shan wuya a hannunsa, kuma duk da haka ba na iya kwana biyu ban leƙa shi ba, shi ne wani dattijo da zan kira Baba Saje, tsohon soja mai cin fansho, mai ɗan kantin kayan shayi a bakin kasuwa. Wajen aikawa babu kamarsa, domin horon bariki bai sake shi ba: ranar da ya karɓi adireshi ranar zai rubuta, da manyan baƙaƙe a miƙe kamar suna fareti, ya liƙa kan sarki daidai kusurwa, ya taka da ƙafarsa har gidan waya, ya tsaya sai ya ga an buga hatimi. Sai dai idan nasa rabon ya iso, daga Jamus ko Finlan ko Taiwan, a ganinsa magana ta ƙare ke nan, saura ado. Zai share gilashin kantin, ya matsar da gwangwanayen madara da kwalin siga, ya jingina katin inda duk mai sayen ashana zai gani, sa'an nan ya gyara zama a kan benci ya fara tafsiri. Wani tsohon gidan sarauta a kan dutse, wanda ko makaho ya shafa ya san ya shekara ɗaruruwa, Baba Saje ya ce gidan abokinsa ne, ga ma tagar ɗakin da za a sauke shi in ya je. Hoton barewar ƙanƙara mai rassan ƙaho kuwa, ya tabbatar wa jama'a cewa saniyar can ce, sanyi ne ya mai da ita haka. Ba wanda ke musu, domin mutum ne da ya ga duniya, ga shi kuma yana ba da bashi.

Sai in ce masa, "Baba, an shigar da lambar wannan kuwa?"

Ya ce, "Ɗana, wayar tana wurin yaro."

In yaron ya dawo, sabis ne ya ɗauke. In sabis ya dawo, tabarau ne ya karye, lambar kuwa ƙanana ce. In na ce ni zan karanta masa, sai ya ce ai ba a taɓa kayan gilas da hannun da ya ci ƙosai. Da katunan suka yi yawa gilas ya cika, ya sa aka dama masa ƙullun rogo ya bi bangon kantin ya manne su ɗaya bayan ɗaya, hoto a waje, rubutu da lamba suna kallon siminti, ta yadda ko alƙali ya ba da umurni ba mai iya karanta su sai an rushe ginin.

Da abin ya ishe ni na ɗauko masa ta fuskar shari'a, na tuna masa abin da muka karanta tun muna gaban malam, cewa fara sallama sunna ce amma amsa ta wajibi ne, kuma magabata sun yi ƙiyasin amsar wasiƙa a kan amsar sallama. Ya saurara da natsuwa har na kai aya, ya ce shi ma ya san wannan, don haka ne ma duk katin da ya iso sai ya riƙe shi da hannun dama ya amsa sallamar da ƙarfi, ga mai nama da mai faci nan shaidu ne adilai; in Bajamushe bai ji ba, wannan tsakaninsa da kunnensa. Na ce ai sharaɗin amsa shi ne a jiyar da mai sallama. Ya ce a aikin soja in ba a ji ɗuriyarka ba alama ce kana nan lafiya, mugun labari ne ke da gaggawa. Daga nan na san hujjata ta ƙare. Abin mamaki, da ya yi wata guda bai leƙa ba aka ɗauke sunansa daga jerin masu karɓa, kati ya daina zuwa, sai ya aiko a kira ni, ya rufe ƙofa ya tambaye ni tsakanina da Allah ko ni ne nake karkatar masa da abokai, domin ya lura tun ranar da ya sami na Japan fuskata ta canza.

Akwai kuma wanda malaman fiƙihu za su kira mafƙudi, wato wanda ya ɓace ba a san yana raye ko ya rasu ba. Yawanci ɗan bautar ƙasa ne da aka turo koyarwa, ko ɗalibin makarantar aikin gona, ko sojan da aka yi wa canjin bariki. Ya ba da adireshin wurin aiki, shekara ta zagayo ya ɗaure katifa a kan mota ya nufi Kwantagora, bai waiwayo ba. A mazhabar Malikiyya matar mafƙudi shekara huɗu take jira kafin ta shiga takaba, amma mutanen Postcrossing ba su da wannan haƙuri, kwana sittin suke ba kati su ce ya ɓata, ko da yake in an shigar da shi kafin shekara ta cika ana karɓa. Katunan wannan bawan Allah suna nan a aljihun teburin wani masinja, tare da tsohon goro da makullan da ba a san ƙofarsu ba.

Shi kansa masinjan wani babi ne. Ba ɓarawo ba ne, Allah ya sani, sai dai yana da ɗa mai tara kan sarki, saboda haka katin kan iso hannunka da rami a kusurwa, kuma da yake Turawa sun fi son rubuta lamba kusa da wurin, rabinta ya tafi.

Sai mai rowar baki, wanda ka cika masa kati da labarin bikin Uhola, da yadda ake kokawa da raye-raye bayan an kawar da amfanin gona, da yadda saurayi ke yin shekaru yana noman golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, shi kuwa ya shigar da lamba ya tafi bai ce uffan ba. Haƙƙi dai ya sauke, lada kuwa sai yadda ta yiwu. Kishiyarsa wata baiwar Allah ce daga Amurka, wadda godiyarta ta fi katin tsawo sau goma, har da sunayen karnukanta da ciwon da ke damun kowannensu, a ƙarshe ta tambaya ko zakuna na shigowa gari da dare.

Kada a ce na taƙaita a kan mutanenmu, can ma akwai mai sharuɗɗa. Shi ne zai rubuta cewa ba ya son katin da aka buga a gida, ba ya son hoton mutane, ba ya son furanni, abin da yake so kawai hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya a bakin teku, kuma a liƙa kan sarki uku mabambanta. Ni da ke zaune tsakanin duwatsun Zuru, inda ruwa mafi girma da ke kusa shi ne Kwara a Yawuri, ina zan samo masa hasumiya? Na aika masa da hoton rumbu, na ce shi ma dogo ne kuma yana ceton rayuka.

Wani kuma shi ne mai ƙidayar kwanaki, wanda ya tanadi littafi na musamman ya ja masa layi da rula, ranar aikawa daban, ƙasa daban, kwanakin tafiya daban, ya san tafiyar kati ba ta kusa ba ce amma tun kwana na huɗu ya fara duba waya kafin ya yi alwalar Asuba. Ma'aikatan gidan waya in sun hango shi tafe sai su fara girgiza kai tun bai yi sallama ba. Iyalinsa sun san ranar da kati ya cika kwana sittin, domin ranar ko miya ba ta yi masa daɗi. Irin wannan mutum har takarda yake zama ya rubuta a kan halin sauran jama'a, ya aika wa mujalla. Na san shi sani na haƙiƙa, hularmu ma ɗaya ce.

Duk waɗannan ina iya zama da su a tabarma ɗaya mu sha fura. Wanda ba na iyawa da shi, kuma a nan wasa ya ƙare, shi ne mai cin amanar adireshi. Wannan bai shigo don kati ba ko kaɗan. Ya fahimci cewa da zarar ya nema za a miƙa masa sunan mutum da lambar gidansa da ɗan tarihin da ya rubuta game da kansa, sai ya zauna yana tantancewa kamar mai zaɓen rago, ya ga wace ce tsohuwa, wace ce ta ce mijinta ya rasu katunan nan ne ke ɗebe mata kewa, wane ne ya ce yana jinya ba ya iya fita. Maimakon kati sai ya cika takarda huɗu da ƙaryar maraici da kuɗin makaranta da neman biza, ya cusa a ambulan. In kwana sittin sun wuce aka tambaye shi ina katin da ya ɗauki alkawari, ya ce ai ka san halin gidan wayar ƙasar nan, ya ɗora wa ma'aikatan da ba su ji ba ba su gani ba laifin abin da bai taɓa shiga hannunsu ba. Ƙarya biyu ke nan a kan cin amana ɗaya, kuma ba shi ke biyan kuɗin ba, mu ne, domin lambar kowane kati da ya tashi daga nan da haruffan NG take farawa, ba a rubuta sunan mai gaskiya daban. Wata dattijuwa a Holan, bayan ta gode mini da hoton kasuwar da na aika mata, ta ƙara da cewa da ta ga kan sarkin Nijeriya sai da ta ajiye katin ta kira ɗanta ya fara karantawa. Ban ga laifinta ba, amma ranar ban iya cin tuwo ba.

Na sami ɗaya daga cikin irinsu, yaro ne da ya yi karatu, ba yunwa ke damunsa ba, na zaunar da shi na faɗa masa abin da ya sauwaƙa ba tare da na tauna ba. Ya sunkuyar da kai yana ta "haka ne, Malam, Allah ya huci zuciyarka," har na fara zaton maganar ta shiga. Da na miƙe zan tafi ya biyo ni har bakin zaure, ya rage murya, ya ce tun da an rufe masa nasa rajistar, ko zan taimaka masa da adireshin matar nan ta Holan, tun da alama tana da tausayi.