Labulen Amaryar da Za a Kai Bakin Teku

Iyayenmu 'yan jere, in an ce muku ɗakin amarya a Agege yake, ko Idi-Araba ta Legas, ko Nima ta Akara, ko can Duwala, to kafin ku doshi Kantin Kwari da kuɗin labule ku ɗan zauna mu yi magana.

Da farko dai ku yi haƙuri da karan-miski. Na san yana cika ido, kuma dangin ango in sun zo ganin ɗaki shi suke fara shafawa. To amma a Kano yake da daraja, inda iskar hunturu ke busar da wanki tun ba a gama shanya ba. A Legas danshin iska kan haura kashi 80 cikin ɗari, musamman a Yuni da Yuli da ake ruwa ba ji ba gani. Duwala kuwa ruwanta na shekara ya wuce milimita 3,000, alhali Kano ba kasafai take cika 1,000 ba. Yadi mai kauri a bakin teku shan laima yake ya riƙe, kamar soson wankan da aka manta a bokiti. Kafin damina ta raba, fumfuna ta fito ɗigo-ɗigo baƙi a cikin ninki, kuma daga gefen da ke kallon bango take farawa, inda ba mai leƙawa.

Za ku ce ai an haɗa mata turaren wuta na Maiduguri. Madalla, amma turare wari kawai yake rufewa, fumfunar tana nan tana yaɗo. Nan ne fa abin ke damuna, don ita ce ke tayar da atishawa da tari da asma, yarinya ta yi ta zaryar asibiti ana cewa garin ne bai karɓe ta ba.

Ku nemi foliyesta maras nauyi. Auduga kan sha danshi har wajen kashi 8 na nauyinta, foliyesta kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa, ga saurin bushewa. In an warware muku bandir, Hajiya Babba ta kara yadin a baki ta hura, wata ta sa tafin hannu ta baya. In ta ji iska ta ratso, a fara ciniki. In kumatun Hajiya sun kumbura ba abin da ya fita, a naɗe wa mai shago kayansa a yi masa fatan kasuwa.

Shi ma tela sai kun tsaya a kansa, don hannunsa ƙaiƙayin tattara yake. Ban da geza, ban da hawa uku. Shara-shara ɗaya na rana da matsakaici ɗaya na dare sun isa sutura. Tsawon ya tsaya yatsa huɗu sama da ƙasa, kada ya riƙa lasar ruwan mofa, a kuma bar tazara tsakaninsa da bango. Ku zaɓi launi mai haske. Shi ke tona asirin fumfuna tun tana jaririya.

Sandar ratayewa ta zama ta alminiyam, zobban kuma na roba. Iskar teku gishiri gare ta, baƙin ƙarfe tsatsa yake yi, tabon tsatsa kuwa wanki ba ya fitar da shi ta daɗin rai.

Ku ɗinka saiti biyu, ɗaya na rataye ɗaya na wanki. Cikin nasihar da za a yi mata, bayan "yi na yi, bari na bari", a ƙara da cewa kullum safe ta ɗaure labule ta buɗe taga, in ta wanke ta zuba ɗan ruwan khal a ɗauraya, kada kuma ta mayar sai ya bushe ƙayau, ko da fanka da dutsen guga ne.

Rarar kuɗin a saya mata fanka mai caji. Gwaggon da ta kafe sai karan-miski kuma a yanka mata yadi shida, ta kai ɗakinta na Fagge ta rataya.